Baba Bai Taɓa Sayar Da Gobe Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gida muke kira Baba, ya riga mu gidan gaskiya bayan 'yar gajeriyar jinya. An yi masa sutura a nan Briqueterie cikin Yawunde, unguwar da ya shigo yana saurayi daga Najeriya, ya zauna yana sana'ar canjin kuɗi har ƙarfinsa ya ƙare.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, maza kuma suna waje a kan bencina. Ina zagayawa da kofunan kunu sai na ji wata 'yar uwa ta nesa, wadda ta zo daga unguwar Elig-Edzoa, tana cewa ta kusa da ita, "Allah dai ya jiƙansa. Amma ɗan canji shekara da shekaru, a ce ya mutu bai ga Ka'aba ba? Hannun ne ba ya buɗuwa." Ɗayar ta ce, "Ai shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa babu ɗan canjin da bai yi gini ba. Shi kaɗai ya fito kamar an wanke shi." Inna, uwar maigidana, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta cikin takaba. Na san ta ji, don na ga yatsanta ya tsaya a kan carbi, sannan ya ci gaba. A waje kuma Baffa, ƙanin Baba, tun ranar rasuwar aka kasa sa shi ya ci abin kirki.

Maganar nan ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami. Na nemi izinin maigida da na Baffa, suka ce in rubuta amma kada in sa sunan kowa. Dama ni ban isa in kama sunan Baba ba.

Abin da kowa ya san shi da shi, ba ya cewa gobe. Idan jika ya ce, "Baba, gobe ka sayo mini alewa," sai ya tashi a lokacin ya kai shi kanti, ko kuma ya ce masa babu. Idan aka gayyace shi ɗaurin aure ba ya cewa zan zo, sai dai ya ce, "Na ji." A layin 'yan canji ma haka yake. Mutum ya zo ya ce a riƙe masa farashin yau zai kawo kuɗi gobe, sai Baba ya ce, "Kuɗi da kuɗi hannu da hannu ne, haka muka ji daga malamai. Gobe ba tawa ba ce balle in sayar maka." Ya yi asarar masu ciniki da yawa a kan haka, bai damu ba.

Ba zan ce ba shi da laifi ba. Harshensa na da kaifi, kuma in ya yi fushi da mutum yakan daɗe bai sauko ba. Maigidana shi ne ɗansa na fari, don haka ba ya kiran sunansa, sai ya ce "wannan yaron". In kuwa ransa ya ɓaci da shi sai ya ce "Musye", irin kiran Faransawa, saboda ya yi boko har ya sami aikin banki. Ni kuma tun da aka kawo ni ya ji na yi lise, wato sakandare, kafin aure, sai ya ɗauki wata ɗabi'a. In ya sayo mana tsire da yamma, sai ya ce a ba yara naman, ni in karanta masa jaridar da aka naɗe shi a ciki. Haka nake durƙusawa nesa da tabarmarsa ina fassara masa Faransanci ta tsakanin tabon mai da yaji. In na kai inda takardar ta yage sai ya ce, "To, sauran labarin yana cikin tsiren wani."

Sai shekarun wahala suka shigo. Aka yanke albashin ma'aikata, aka sake yankewa. Bankuna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har abin ya zo kan wanda maigidana yake. Ya dawo gida ya zauna. Mutumin da yake fita da kwat kullum, ya koma jiran kwanon da za a miƙo daga gidan mahaifinsa, don gidanmu da na Baba katanga ɗaya ce ta raba. Na ga yadda abin yake cinsa. A gari kuma ba a maganar komai sai raɗe-raɗin cewa za a karya darajar sefa. Tun tasowarmu sefa hamsin ke sayen faran ɗin Faransa ɗaya, ba mu taɓa sanin wani farashi ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, maigida ya shiga wurin Baba da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ni na kai musu shayi, Inna tana gefe tana tsince shinkafa. Maigida ya jera kofuna uku a kan tabarma.

"Baba, wannan kofin Faransa ne. A can kuɗin ruwa kaɗan ne. Wannan kuma Yawunde. A nan, da yake kowa na gudun sefa, masu karɓar ajiya suna ba da ruwa mai yawa don a bar musu kuɗi. Zan ranto faran ta hannun wani mai odar kaya a Duwala, in canza shi sefa yau, in ajiye a nan wata uku. In wa'adi ya cika in kwashe uwa da ruwa, in mayar da su faran, in biya mai shi da ɗan ruwansa. Abin da ya rage tsakanin ruwan nan da ruwan can nawa ne."

Baba ya ce, "In faran ya yi tsada kafin wata ukun fa?"

Maigida ya ɗaga kofi na uku. "Nan dabarar take. Tun yau zan sami wanda zai yi mini alkawarin sayar mini da faran a ranar, bisa farashin da muka yanke yau. Kasuwa ta hau ko ta sauka, nawa farashin na nan. Tun kafin in fara na san abin da zan biya, na san abin da zan karɓa. C'est sans risque."

Inna ta ɗago. "San me?"

"Sans risque, Inna."

Ita Inna Bafulatanar Ngaundere ce. "San" ta san shi a wurin masu tsire da ma'anar babu, in mutum ba ya son yaji. Risku kuwa a Fulatanci shi ne arziki. Ta ce, "Wace irin sana'a ce wannan da tun ba a fara ba ake cewa ba risku a cikinta?"

Maigida ya yi dariya ya ce nufinsa babu kasada. Ni ma na sunkuyar da kai ina murmushi. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kofunan, sannan ya ce, "Lissafinka babu kuskure, Musye. Amma ruwa ba ya tsami banza, tsoro ne ya sa suke ba da ruwa mai yawa. Kasadar da ka ce babu kuwa ba mutuwa ta yi ba, ɗaukarta ka yi ka zuba a kofin nan na uku. Wa ka zaɓa ya sha?"

Maigida ya ce, "Kai na zo wa, Baba. Kowa ya san kana da faran."

"Abu biyu ka kawo mini, ruwa da gobe. Ba ruwana da ruwa. Gobe kuma ka san amsata."

A nan ne maigida ya faɗi abin da har yau in ya tuna yake istigfari. Ya ce ya gaji da cin tuwon sadaka a gidan ubansa, ya ce tsoron Allah ba ya biyan kuɗin makarantar yara. Baba ya ce masa, "Tashi."

Da muka koma gida na tambaye shi abin da ya tsaya mini a rai. Na ce, in abin haka yake da sauƙi, me ya hana kowa yi? Bai ɓoye mini ba. Ya ce a ƙa'ida duk wanda zai yi maka alkawarin faran nan da wata uku, sai ya ɗora wa farashin daidai abin da zai cinye bambancin ruwan, ka tashi ba riba ba faɗuwa. Haka banki ke yi, a kwanakin nan ma bankuna sun daina yin alkawarin gaba ɗaya. Riba ba ta fitowa sai in an sami wanda bai yi wannan lissafin ba. Yana faɗin haka na san wanda zai je wa.

Baffa shi ma ɗan canji ne, yana zaune a unguwar Nkomkana da iyalinsa. Ya sauke farali tun da daɗewa, mutum ne mai raha da saurin yarda. Da maigida ya je masa, cewa ya yi, "Tun kana cikin zanen goyo ake cewa za a karya sefa. Hamsin ce, hamsin za ta mutu." Aka ɗora masa ɗan abu kaɗan a kan hamsin ɗin, ya ga kamar kyauta ce, ya ba da hannu a gaban shaidu. Mutumin Duwala kuma ya ce sai da jingina, maigida ya ba shi takardar gidanmu.

A layin 'yan canji magana ba ta kwana. Baba ya ji, ya hau taksi har Nkomkana ya ce wa ƙaninsa ya janye. Baffa ya ce, "Yaya, na riga na ba da hannu." Baba ya dawo. Daga ranar ya daina amsa gaisuwar ɗansa da fiye da kalma ɗaya. Kwanon abinci dai bai fasa ƙetare katanga ba.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji rediyon maƙwabta yana maimaita magana ɗaya. Na tsame hannuna na saurara. An karya sefa. Hamsin ta koma ɗari. Kafin azahar rabin kantunan unguwa sun rufe, masu buɗewa kuma sun ninka kuɗin shinkafa da magani. Maigida yana zaune a bakin gado, yana ta faɗin, "Ni ina da alkawari. Farashina na nan." Sefar da ya ajiye tana nan da ruwanta, amma yanzu rabin faran ɗin da ake binsa kawai za ta saya a kasuwa. Idan Baffa ya cika alkawari, sai ya nemo faran a ɗari ya ba mu a hamsin, kuma ba shi da abin da zai cike wannan ramin sai gidansa. Idan bai cika ba, mutumin Duwala ya ɗauki namu.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Baffa ya daina zuwa layin canji. Aka ce ya sa gidansa a kasuwa, amma wa ke da kuɗin sayen gida a lokacin? Mutumin Duwala ya aiko wani mai doguwar riga, ya ce gaisuwa ya zo yi, amma ina kallonsa yana duban rufin kwano da famfon tsakar gida. Azumi ya kama. Wata rana ina daka kayan kunu sai ga matar Baffa ta shigo ba sallama sosai. Matar da ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari. Ta tsaya a ƙofar madafa ta ce, "Ke da kika yi boko, gaya mini gaskiya. Mu ne za mu fita da yaranmu, ko ku?"

Na ce, "Ɗayanmu ne, Goggo."

Ta ce, "To, Allah ya zaɓa." Ta juya. Ko tabarma ban samu na shimfiɗa mata ba.

Ana jajibirin cikar wa'adi na kai wa Baba abin buɗa baki. Na ajiye, na durƙusa, na ƙi tashi. Suruka ba ta yi wa uban mijinta irin wannan zama, amma na yi. Ya sha ruwa, ya ci dabino, sannan ya ce, "'Yata, akwai magana?"

Na ce, "Baba, gobe ne."

Ya ce, "Gobe ba ta zo ba."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Wallahi a ranar na ji haushinsa. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta sa na runtsa, amma ya hana ni ita. Daga baya na gane ko a kan jikokinsa ba zai yi alkawarin abin da bai tabbata zai wayi gari ya cika ba.

Washegari bayan la'asar ya aika aka kira Baffa, aka kira maigida, ya ce ya taho da sefar da ya kwaso daga wurin ajiya. Ni ina bayan labule tare da Inna. Baffa ya shigo ya rame, idonsa a ƙasa, bai kalli ɗan wansa ba. Baba ya ce, "Inna, kawo." Ta buɗe adaka ta fito da wani ƙunshi na farin yadi. Harami ne, sabo, wanda Baba ya saya don aikin hajji. A cikinsa faran ɗin Faransa ne, abin da ya daɗe yana tarawa na kujerarsa da ta Inna, haɗe da jarinsa da ya mayar faran tun da raɗe-raɗi ya yi ƙarfi. A shekarar suke da niyyar tafiya.

Ya ce wa maigida, "Miƙa wa baffanka sefarka." Ya miƙa. Ya ce wa Baffa, "Zan sayar maka da faran, yanzu, a nan, a kan hamsin."

Baffa ya ce, "Yaya, kasuwa ɗari ce."

"Kayana ne, ni ke sa musu kuɗi. Za ka saya ko ba za ka saya ba?"

Baffa ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa. Baba bai rarrashe shi ba, ya dai miƙa hannu ya karɓi sefar, ya ɗora masa faran a tafinsa. Sannan ya ce, "To, cika wa yaron nan alkawarinka." Baffa ya juya ya miƙa wa maigida. Duk a zama ɗaya, babu wanda ya tashi. Maigida ya ƙi karɓa, ya ce a bar gidan ya tafi, shi ya jawo. Baba ya ce, "Gidan ba naka ba ne kai kaɗai, jikokina ke kwana a ciki. Karɓi. Yanzu dai ka ga wanda ya sha kofi na uku."

Daga cikin sefar Baba ya ware uwar kuɗin ya ajiye, ya ture ruwan da bayan hannu kamar wanda ke ture ƙazanta. Ya ce ba zai shiga cikin kowa a zuriyarsa ba. Da shi aka rufe kwatar da ta ratsa lungunmu, wadda yara ke faɗawa in an yi ruwan sama. Ribar da maigida ya ce tabbatacciya ce, a nan ta ƙare. Bencinan masu ta'aziyya a kan wannan sumuntin aka jera su, kuma ta kansa aka fita da makara.

A zaman cinikin nan, kafin su watse Baffa ya kama hannun Baba ya ce ya rantse baɗi zai biya shi, ya tafi Makka. Baba ya zare hannunsa ya ce, "Cinikinmu ya ƙare a nan. Kada ka sayar mini da gobe."

Inna ta gaya mini daga baya cewa sai da safiyar ranar ya nemi shawararta, ya ce kujerarta ma tana ciki. Ta ce masa Ka'aba ba ta tashi daga inda take, gida kuwa in ya tashi ya tashi. Ta ƙara da cewa, "Dama na faɗa tun farko ba risku a ciki, kuka yi mini dariya."

Bayan nan Baba ya koma ƙaramin ɗan canji, yana zama a ƙarshen layi yana canza wa ɗalibai da matafiya 'yan kuɗi kaɗan, waɗanda suka taso a gabansa kuma suna hawa motoci. Wasu suka ce caca ya yi, wasu suka ce binne kuɗin ya yi. Bai taɓa tanka wa kowa ba, mu ma ya hana mu. In baƙo ya kira shi Alhaji don girmamawa sai ya ce, "Malam dai, ban je ba." Maigida ya sami aikin kula da kantin yadi, bai sake taɓa kuɗin ruwa ba. Ban san ranar da suka shirya ba, na dai lura Baba ya daina cewa Musye.

Ranar sadakar ukun nan, da yamma bayan mutane sun ragu, Baffa ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa. Matar Elig-Edzoa tana nan ba ta tafi ba. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, in Allah ya yarda baɗi zan je in yi wa Yaya aikin hajji."

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "A gidan nan ba a sayen gobe, Alhaji."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban shigo ba sai da na sayar da motata. Da safen nan na biya kujerar."

Inna ta juyo wurina. Sannan ta ce in buɗe mata adaka. Haramin yana nan a ƙasan kaya, da ninkinsa na farko, yana ƙanshin turaren ajiya. Ta karɓa ta miƙa wa Baffa, ba ta saki ba sai da ta ga ya riƙe da hannu biyu.

Ya Allah, bawanka ya bar ziyarar ɗakinka don kada a rushe ɗakunan wasu. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka yalwata masa makwancinsa, ka kai haramin nan inda ya yi niyyar kai shi. Mu da muka rage ka ba mu ikon cika abin da ke hannunmu yau. Amin.